Baba Famfo na Bakin Tafki

Kafin a buɗe ƙofar wurin shaƙatawa, kafin mai shayi ya hura wuta, Baba Famfo ya riga ya naɗe ƙafar wando yana bin jiragen yawo da ke ɗaure a bakin tafki. Ya ɗaga katakon ƙasan kowanne, ya duba ruwan da ya kwana a ciki. In ya yi yawa, sai ya bi da yatsa har ya gano inda yake tsattsafowa. Sannan ya kama mariƙin famfon hannu, sama, ƙasa, har tiyo ya daina aman ruwa. Matuƙan jiragen ne masu farar hula, da su ake ɗaukar hoto. Shi ko gaisuwa ba kowa ke yi masa ba.

Doka ɗaya gare shi, wadda har manaja ya gaji ya sallama: jirgi ba ya tashi sai wani cikin fasinjoji ya koyi buga famfon hannu. In aka ce ai akwai na lantarki, sai ya ce, "Wannan ɗan gata ne, ledar alawa ɗaya ke shaƙe shi." Mu masu zuwa yawo mun sha yi masa dariya, muna cewa tsoho ya mai da wurin hutu makaranta.

Wata rana muka kawo Inna da jikokinta. Ni da ruwa sai a kofi, don haka na tsaya a gaɓa ina gadin takalma. Ƙanwata tana da goyo, sauran yaran ƙanana, sai Baba ya nuna Inna.

"Ni? Da tsufana?" in ji ta. "Shan iska na zo, ba daka ba."

"Hajiya, ai wadda ta iya daka ta gama iya wannan. Kama nan. A'a, kar ki yi da ƙarfi, bi numfashinki."

Ta buga tana mita, ya ce ta sake, ta sake.

Suna tsakiyar tafki iska ta taso. Igiyar ruwa ta fara watsowa cikin jirgin, na lantarki ya yi gurnani ya yi shiru. Matuƙi ba damar ya saki sitiyari, in ya saki jirgin zai ba igiya gefe ya kife. Daga gaɓa na ga jirgin yana ƙara yin ƙasa. Uwata ce a ciki, da ƙanwata, da duk yaran gidanmu.

Baba ya shiga ruwa har gwiwa, ya kare ido da tafi. Can ya ce mini, "Dubi gefen jirgin. Ka ga ruwa na fita? Tana bugawa."

Haka ta yi ta yi, ɗankwali ya faɗi ba ta waiwaye shi ba, har suka taɓa gaɓa. Tafukanta duk sun yi bororo. Ta wuce mu, mu da muke kuka, ta je gaban Baba ta nuna masa hannuwan.

"Malam, kai ka buga," in ji ta. "Hannuna kawai ka ara."

Baba Famfo, yanzu kafaɗa ta ce ta gaji, ƙarshen watan nan za ka ajiye aiki. Kai ne mai ganin ruwan da ke ƙarƙashin ƙafar masu dariya. Kai ne ka yarda a kira ka mai naci, don dai kowa ya koma gida. Ina ƙaunarka, kuma ba na jin kunyar faɗa. Mun gode, Allah Ya ba kafaɗar nan lafiya.

Ku da za ku gaje shi, ku gaji nacin tare da famfon. Ku tsare fasinja, ko ya ɓata rai, ku koya masa. Albarkacin nacin nan, yaran gidanmu suna makaranta yau, su duka.