Mitar da Na Bari a Ɗakin Batir

Ni mutumin Kankara ne, sana'ata haɗa sola. Ina da bin diddigi a wurin aiki, na sani, in abu ya ƙone ba na samun barci sai na gano dalili. Wannan halin ne ya kai ni wani ƙauye can bayan Damari, a ƙasar Sabuwa, inda inbatar famfonsu ta ƙone har sau biyu cikin rani ɗaya. Inbata ita ce akwatin da ke karɓar wutar batir ta tura wa famfo. In ta mutu ruwa ya tsaya, mata su koma rafi, rafin kuwa a bakin daji yake, inda 'yan bindiga ke ratsawa.

Mai unguwar, tsoho mai sanyin magana, shi ya tarbe ni da fura. Na saka sabuwar inbata, sannan na fito da mitata. Ba irin mitar da kowa ya sani ba ce. Ita wannan, ƙololuwar wutar da aka ja take kamawa, ko da na ƙiftawar ido ce, ta riƙe lambar har sai an goge. Na kunna ta, na bari ta ɗan ɗumama, na mayar da ita sifili, na maƙala bakinta a wayar da ke fitowa daga inbata, na ce a tayar da famfo. Lambar ta yi tsalle ta tsaya inda ya kamata. Muka sake, haka dai. Famfo lafiyarsa lau, ni ne na zama marar lafiya.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tsabtar ɗakin batir ɗin. An share shi fes, an yayyafa ruwa, kamar za a kawo amarya. Mutanenmu ba sa bari baƙo ya ga inda tabarma ta yage. Sai na ce wa tsohon zan bar mitar a maƙale, na dawo bayan kasuwa ta ci. Ya dube ta, ya tambaya ko tana ɗaukar hoto. Na yi dariya na ce a'a, shi bai yi ba.

Da na dawo, lambar da na tarar ta ninka ta famfo ta wuce. Ba cajin waya ke yin haka ba, ba firiji ba. Injin walda kaɗai na sani da irin wannan fizgar. Raina ya ɓaci, na fara faɗa, har ina cewa kayan jama'a ne ba na gadon wani ba. Tsohon ya bari na gama, ya jawo ni inuwa, ya gaya mini mutanen daji ne. Sukan zo da mai waldarsu su gyara baburansu, su jona a nan. Duk ranar da za a yi baƙo, 'yan gari su cire wayar waldar su ɓoye.

Na ce zan saka abin da zai katse wuta da zarar an jona walda.

"In ta katse, cewa za su yi mu munka katse ta," in ji shi. "Kai ka tahi gida, ɗana. Mu muna nan."

Kunya da tsoro suka rufe ni lokaci guda. Abin da na iya yi kaɗan ne. Na koya masa a cika tanki da hantsi, kuma da an ji ƙarar babura a kashe famfo, kada nauyi biyu ya haɗu a kan inbata. Ya tambaye ni ko hakan zai hana ta ƙonewa. Na gaya masa gaskiya, jinkiri kawai zai kawo. Na kwance mitata, na hau babur ta hanyar Faskari, ina waige-waige duk inda ciyawa ta yi tsawo.

Inbatar ta kai su har farkon damina. Ran nan ina shago tsohon ya kira ni. Ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, ya tambayi ruwan sama a wajenmu, sannan ya ce akwatin ya ƙone. Mutanen dajin ma sun ji zafin abin, sun ce a nemo mai gyaran nan na Kankara, wai sun san da zuwana. Mata kuwa tun shekaranjiya suna ɗaukar tulu.

A gabana akwai sabuwar inbata cikin kwalinta, kuma na san hanyar.

"Baba, me kake so in yi?"

"Ban ce ka zo ba," ya ce. "Ɗiyata ce dai ka ɗebo muna ruwa yanzu, na ga ya kamata ka sani."