Askin Bayan Abincin Rana

Duk wanda Reza ya yi wa aski da safe, layin goshinsa a miƙe yake kamar an ja da zare. Wanda kuwa ya zauna kujerarsa bayan abincin rana, sai layin ya ɗan sauko ta gefe guda, kamar rumfar da ƙafarta ɗaya ta nutse. Mazan unguwar sun daɗe suna yawo da goshi a karkace, kowa yana zargin madubin ɗakinsa.

Reza shi ne mai askin da ke maƙwabtaka da shagon cajin waya. Tun yana saurayi aka laƙaba masa sunan, saboda iya fitar da layi. Yana da kujera mai juyawa wadda ta daina juyawa, da fanka mai ƙara, da 'ya'ya mata zalla, babu mai buƙatar aski a cikinsu. Yana kuma da ciki mai taurin kai. In ya ci shinkafa da rana, sai ta zauna masa a ƙirji kamar baƙon da ya manta hanyar gida, ga kumburi, ga gyatsa, har yamma.

Wata rana mai ɗaukar hoton ciki a asibiti ya zo aski, gyatsar ta sauka masa daidai kunne.

"Maigida, wannan ai ba gyatsa ba ce, sanarwa ce," in ji shi. Daga cikin ƙyallen aski ya shiga bayani: tumbi yana murza abinci har ya yi ruwa-ruwa, sannan wata 'yar ƙofa mai tsukewa da ke ƙasansa, ta hannun dama, ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan zuwa hanji. "In ka ci, ka ɗan kwanta ta dama. Ka taimaka masa ya gangara."

Kwanciya kuma, a lokacin da benci ya fi cika? Sai Reza ya nemo wa kansa hanya. Ya samo gwangwanin fenti, ya ɗora ƙafar hagu a kai, kafaɗar dama ta yi ƙasa, ya ci gaba da aski a haka. In cikin ya yi ƙugi, sai ya ɗaga injin sama ya ce, "Ya wuce!" Masu jira su ce masa barka.

Cikin ya samu lafiya, benci kuma ya fara ramewa. Ɗaya bayan ɗaya mutanensa suka riƙa tsallaka titi zuwa sabon shago mai fitilu masu launi, suna gaishe shi daga nesa, hannu a goshi. Matarsa ta ce, "Baban yara, ko hannun ne ya tsufa?" Wannan magana ta fi shinkafar zama masa a ƙirji.

Yayansa magini ne ya warware zancen. Ya zo aski da rana, ya daɗe yana kallon madubi, sannan ya zaro ma'aunin nan mai ɗigon ruwa da ake gwada miƙewar bango da shi, ya kara a goshinsa. Ɗigon ya ruga can ƙarshe ya laɓe.

"Kai, ɗan'uwa! In na yi wa mutum bango haka, ai ko akuyarsa ba zai ɗaure a gindinsa ba."

Reza ya kalli goshin, ya kalli gwangwanin.

"Yaya, ya zan yi? In na miƙe, shinkafa ta tsaya. In na karkata, layi ya bi ni."

"To ka daina cin abincin rana."

Reza ya yi masa kallon wanda aka zagi iyayensa, ya kuma tuna iyayen nasu ɗaya ne.

"Shi ke nan, hau gwangwaninka," in ji Yaya. Ya ɗora masa ma'aunin a kafaɗa, ya duba inda ɗigon ya tsaya. Ya fita ya dawo da bulo da guntun katako, ya cusa a ƙarƙashin kujerar ta gefe guda, yana ƙarawa yana ragewa, har karkatar kujera ta yi daidai da ta mai ita. Ya koma ya zauna, riƙe da hannun kujerar kada ya zame. "Gyara mini."

Da aka gama ya miƙe tsaye, aka sake gwadawa. Ɗigon ya zauna a tsakiya, ko motsi babu.

Mai cajin waya, wanda ya leƙo kallo, shi ya fara hawa bayansa.

"Reza, kujerar nan za ta zubar da ni fa!"

"Ka ci abinci?"

"Yanzu na tashi daga kai."

"To zauna, kai ma naka ya gangara. Ban ƙara maka ko sisi ba."

Kafin yamma mutum biyu sun tsallako daga wancan shagon a gyara musu tsohon layi, kowa ya sauka daga kujera yana tangaɗi kamar ya fito daga kwalekwale. Reza ya sallame su, ya wanke tawul ɗinsa a bokiti, ya shanya a ƙofar shago.