Dolina MacCuish, Mai Nuna Hanya a Kirnay

Ƙarfe bakwai da rabi na kowace safiya, ban da Lahadi, Dolina MacCuish takan gangaro a kan kekenta, ta jingine shi a bayan ɗan ɗakin katakon da ke bakin tashar jirgin fito ta tsibirinmu, Kirnay. Kafin ta ɗora ruwan shayi sai ta tsaya ta dubi teku, ta ji daga ina iska take busowa. Sannan ta ɗauki alli ta rubuta a allon ƙofa lokacin da ruwan teku zai janye, da lokacin da zai dawo, da ko yau ranar rigar ruwa ce. Kusan kullum ranar rigar ruwa ce. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana wannan aiki na tarbar baƙi masu yawon buɗe ido, kuma Juma'ar nan za ta miƙa mabuɗi.

Idan jirgi ya sauke mutane, ƙafarsu take fara dubawa. Wanda ya zo da takalmin birni sai ta jawo masa na roba daga kwandon da ke ƙarƙashin tebur, ta ce, "Ara, ka dawo da shi da lakarsa, ban damu ba." Sai an gama da ƙafa ake maganar abin kallo. Mai kwana ɗaya takan tura shi farin rairayin yamma da safe, tsayayyun duwatsun da mutanen da suka kafa kuma da la'asar, lokacin da inuwarsu ta miƙe. Mai yara ya je dutsen da tsuntsayen teku suke ƙyanƙyasa, amma ya riƙe hannunsu. Mai mota kuwa zaunar da shi take yi, ta karanta masa dokokinmu. Hanyarmu siririya ce, in ka hango wani ka raɓe a wurin kaucewa, ka kuma ɗaga masa hannu, don rashin ɗaga hannu a nan laifi ne da ba a mantawa. Ka sayi burodinka ran Asabar, ba a buɗe shago ran Lahadi. Ka rufe duk ƙofar shingen da ka buɗe, tumaki ba sa neman izini.

Ma'aikatan jirgi har yanzu suna ba da labarin wani mai ɗaukar hoto da ya yi mata dariya da ta miƙa masa ragar rufe fuska, saboda ƙananan ƙwarin nan masu cizo na watan Yuli. Da yamma ya dawo fuska duk ta tashi, ya tsaya a ƙofa. Ta miƙa masa ragar, ta haɗa masa da shayi.

Amma abin da ya faru a watan Yunin bara shi ne ya fi nuna ko wace ce Dolina.

Wata dattijuwa ce ta zo daga Kanada, Lorna MacAskill, tsohuwar ma'aikaciyar jinya mai shekara saba'in da shida. Likita ya gaya mata ganinta yana ƙarewa, kafin shekara ta zagayo ba za ta bambance fuska ba. Sai ta tattara ta taho don ta ga ƙofar gidan da kakanta ya fita yana saurayi, bai sake komowa ba. Jirgin yamma ne ya kawo ta, Dolina ta riga ta tashi, don haka baƙuwar ta faɗa hannunmu, mu sauran mutanen tsibirin. Mu kuma muka yi mata irin namu. Wannan ya ce ta karya kwana inda tsohon coci yake a da. Wancan ya ce ta wuce gidan marigayi Hector ta yi dama. Cocin an rushe shi tun kafin a haifi mai maganar, Hector kuwa gidansa yanzu fili ne. Kwana biyu baiwar Allah tana zagaye.

Ranar Laraba, sha biyu ta ɗan gota, ta shigo ɗakin Dolina don ta tabbatar da lokacin jirgin ƙarfe biyar. Gida za ta koma. Dolina ta lura da yadda take kai takarda har bakin hanci kafin ta karanta.

"Zauna, 'yar uwa," in ji ta. "Me kika zo gani da ba ki gani ba?"

"Gidan kakana, Donald MacAskill."

Dolina ta yi dariya har da riƙe tebur. "Donald MacAskill goma sha ɗaya ne a maƙabartarmu, huɗu kuma suna yawo da ƙafarsu. A nan ba mai amsa sunan takarda, kowane gida da laƙabinsa. Ke ta wa ce? Me ake ce masa a gida?"

Lorna ta ɗan ji kunya. "Kakata in ya ɓata mata rai takan ce masa Ɗan Agwagwa. Amma ai zagi ne."

"Zagi? Ai adireshin ke nan kika ba ni!"

Ta ɗauki waya ta kira Torquil Galbraith, tsoho ɗan shekara tamanin da huɗu, mai tumaki da wata tarakta da ta kusa kai shi shekaru. Babu zuriyar da bai haddace ba a tsibirin nan.

"Torquil, ajiye cokalin nan. Gidan Agwagwa na ina?"

"Ke Dolina, mutum ba zai sha romonsa lafiya ba? Na Ollasay ne, gidan bakin rafi. Wa ke tambaya?"

"Jikar Donald, wanda ya tafi Kanada."

Can sai tsohon ya ce, "Donald yayan mahaifiyata ne."

Ollasay ƙaramin tsibiri ne da ba kowa a cikinsa shekara sittin. Ba a zuwa sai ta kan rairayi idan teku ya janye, tafiyar mil biyu. A allon Dolina an rubuta ruwa zai rufe hanya ƙarfe biyu, kuma ita ce mutumin da ba ta taɓa barin baƙo ya tsallaka a ƙurarren lokaci ba. Da Torquil ya iso da taraktarsa tana tari, abin da ya fara faɗa ke nan.

"Ke da kike korar mutane daga bakin rairayin nan, yau ke ce za ki kai mu ga kifaye?"

"Da ƙafa ne nake hanawa, malam. Iska daga gabas take, za ta riƙe mana ruwan kaɗan, amma ban sa wannan a lissafi ba. Minti ashirin za mu yi a can, ba ƙari. In ka tsaya surutu in baro ka."

"Taraktar fa tawa ce!"

"Na iya tuƙi."

Ta manna takarda a ƙofa cewa ta tafi Ollasay, shayi na kan tebur, kowa ya zuba. Suka ɗora Lorna a kan buhun ciyawa a bayan tarakta, Dolina na riƙe da ita da hannu ɗaya, ɗayan hannun da agogo.

Gidan babu rufi, sai bango huɗu da dogon dutsen saman ƙofa, furanni rawaya sun cika tsakar ɗakin. Lorna ta shafa bangon, ta kai fuskarta kusa tana ƙoƙarin gani. Sai Dolina ta kama gwiwar hannunta, ta tsayar da ita a bakin ƙofa, ta juya ta waje.

"Bar kallon bango. Ga abin da kakanki yake gani kowace safiya in ya fito."

Farin rairayi ne shimfiɗe, bayansa koren ruwa, can nesa duwatsun Kirnay. Lorna ta daɗe a tsaye.

"Ina gani, Dolina," in ji ta. "Har layin da kore ya haɗu da shuɗi ina gani."

Torquil, da yake ta fyace hanci yana ɗora laifin a kan iska, ya leƙa fuskarta ya ce, "Hancin mahaifiyata ne da ke sak. Allah ya ba ki haƙuri, 'yata."

"Na gode, Kawu. Naka ma ba baya ba."

Suna cikin dariya Dolina ta ɗaga agogo. Suka hau. Ruwa ya fara lasar tayoyi a ƙarshen hanya, tsohon yana rera waƙar kiwo da muryar da ta firgita tsuntsaye, kuma ƙarfe biyar Lorna tana cikin jirgi da laka har gwiwa.

Dolina, uwar baƙi, ke ce kika gane cewa kowa da abin da ya zo gani, kuma ba kullum yake cikin taswira ba. Ke ce kika san lokacin da za a ce wa mutum a'a don a tsare ransa, da lokacin da za a rufe ofis a hau tarakta. Ba mu taɓa jin kin ɗaga murya ba, sai a kan Torquil, shi kuwa ya saba.

A watan jiya wasiƙa ta zo daga Kanada, da rubutun 'yar Lorna, don uwar yanzu ba ta iya rubutu. Lorna ta ce hasken idonta ya tafi kamar yadda likita ya faɗa, amma duk safiya, a cikin zuciyarta, takan tsaya a ƙofar gidan bakin rafi ta kalli teku, kuma ba a taɓa yin hazo ba.

Mun gode, Dolina. Allah ya ba ki hutu mai daɗi da lafiyar more shi. Mu kuma da muka rage, direba da mai shago da mai gidan saukar baƙi, idan wani ya tsaya a gabanmu da tambaya, mu ba shi kujera mu saurara har ya gama. Wataƙila zuwansa ke nan na ƙarshe.