Hankakan Baba da Hantar Layya

Duk gidanmu sun ɗauka sabulu ne ya haɗa ni faɗa da hankaki. Har yau in Mama ta tashi ba da labarin sai ta ce, "Ai wannan, a kan sabulu ta kusa rushe mana katanga." Ba sabulu ba ne. Sun ɗauki sabulun, gaskiya ne. Sun kwashe mini 'yan tsaki, sun ɓata mini farin hijabi a kan igiya. Duk wannan ban riƙe su da shi ba. Babana suka ƙwace mini.

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake kirana Uwata. Da muna Ƙofar Wambai yana da majalisa a ƙofar gida, kuma duk abin da aka tattauna a can, ni yake kawo wa. Da ya yi ritaya muka koma Gwallameji, gida mai doguwar katanga, maƙwabta sai dai ka ji ƙarar motarsu da safe. Baba ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya ya yi shiru. Ni kuma na gama sakandare na shiga koyon ɗinki. In ya soma labari da safe sai in ce, "Baba, zan rasa keke Napep," in fice.

Wata rana na dawo da la'asar na ji yana hira. Na zaci baƙo muka yi. Ashe wani hankaka ne mai ɗingishi a kan katanga, ya karkace kai, Baba na jefa masa ƙanzo yana ba shi labarin yadda ake cinikin hatsi a kasuwar Muda Lawal a da. Labarina ne wannan. Tun ina ƙarama yake ba ni shi.

"Mutumina ne," in ji Baba. "Ba ya katse ni."

Mutumin nasa ya gayyato dangi. Kafin wata ya mutu ba dama a ajiye kwano a buɗe a tsakar gida. Na rataya tsofaffin faifan sidi a jikin bishiya, suka kwana biyu suna kallo, suka dawo. Na kafa mutum-mutumi da tsohuwar rigar yayana, suka mayar da kafaɗarsa wurin hutawa. Na koma jifa. Ban taɓa samun ko ɗaya ba, sai dai katangar ta sha duwatsu. Mama tana yabona wai na damu da tsabtar gida. Na bar ta a haka.

Sai Babbar Sallah ta zo. Baba ba ya sa komai a baki ranar sai ya dawo daga idi ya yanka ragonsa, an gasa masa hanta. Yanka na farko nasa ne. Na biyu nawa, tun kafin in yi wayo, da hannunsa yake miƙo mini yana cewa, "Uwata, karɓi." Yayyena sun daɗe da haƙura.

A wannan shekarar ni na gasa hantar, na barbaɗa gishiri da yaji, na kai masa gindin bishiya. Ya yi bismilla ya ci na farko. Ina durƙushe, har na soma miƙa hannu. Mai ɗingishi ya sauko bakin tabarma. Baba ya yanki na biyu, ya karkaɗe yajin, ya jefa masa.

Har yajin ya karkaɗe masa.

Na ce, "Baba, nawa ne fa."

Ya dube ni kamar yanzu ya lura ina wurin. "Ga shi nan da yawa, Uwata, ɗauki."

"Na biyun nake so."

"Hanta ai hanta ce."

"To a sa masa sunan Kaka ma, a huta."

Mama ta leƙo daga madafa ta ce, "Ke, bakinki." Baba bai yi fushi ba. Dariya ya yi har ya yi tari, sannan ya goge wuƙa a bakin faranti ya ce, "Shi kullum yana nan. Ke kuwa kullum keke na jiranki."

Na tashi na koma wajen suya, ina juya nama ina hango su. Tsuntsun ya cinye rabona ya goge baki a jikin tabarma, Baba ya ɗora masa labari daga inda suka tsaya jiya. Ban taɓa jin haushin wata halitta kamar ranar ba.

Da yamma na hau kujera na kwance faifan nan duka, na tuɓe wa mutum-mutumi riga. Jifa ba za ta kore shi ba, na gane. Na yanke cewa daga gobe ni zan kankare tukunya, ƙanzon ya zauna a hannuna. Zan kai tabarmata tsakanin Baba da katanga in zauna, keke ya wuce abinsa. In mai ɗingishi yana son ci, ya jira Baba ya gama ba ni labari tukuna.