Zarge a tumbin Baffa

"Wallahi ba mai farke mini ciki!" in ji Baffana, makiyayi a Babura, ranar da na raka shi asibiti a Kano, zamanin arzikin fetur. Ɗan tsiro aka gano a tumbinsa.

Likitan ya ɗauko wani siririn bututu. "Baba, ta baki zan zura. Ko in cizge tsiron da hantsaki kamar kaska, wataƙila ya bar saura, ko in zarge shi da waya ya fito duka."

"Kaska in ka bar kanta, wurin ruruwa yake. Zarge shi. Amma ka taɓa zarge ko maraƙi?"

"Ban taɓa ba, Baba."

Baffa ya yi salati, ya kwanta.

Da likitan ya zargo tsiron ya fito duka, aka nuna masa, sai ya ce, "Yaro, boko ya cuci kiwo da ya ɗauke ka."

Ku fa, wane likita ne ya taɓa kwantar muku da hankali haka?