Mai Lasar Tsingaro

Ga wata farfesa can cikin rami a farfajiyar tsohon gidan sarautar ƙauyenmu, wando duk taɓo, furfura a hargitse, tana tonon kayan tarihi, 'yan talabijin na ɗauka. Ciyawar nan ta ƙauyenmu na Ingila da tun muna yara ake korarmu in mun taka, ita daga zuwanta daga Landan ta farke ta, har maigidan na riƙe mata shayi.

Ta zaƙulo tsingaron tukunya, ta kai baki ta lasa, ta lumshe ido. Da ganinta ba ta taɓa neman izinin kowa ba.

Maƙwabciyata Doreen ta taɓe baki. "Ƙazama!"

"Ke dai bari," na ce, ina riƙe da igiyar da aka tare mu da ita. A nan aka haife ni, amma ita ta san ɗanɗanon ƙasar.