Kaltoumi da Keken Surfanin Baba Abdulgani

Iyayen Kaltoumi mutanen Garwa ne, amma ita a birnin Libreville ta buɗe ido. Mahaifinta shadda yake sayarwa a kasuwar Mont-Bouët. Tun tana makaranta ba abin da ke ɗauke mata hankali kamar kwamfuta, shi ya sa da ta gama ta kama ɗan shagon gyara a unguwar Akébé. Shekarun nan ne man fetur ya yi daraja, gari ya cika da injuna, kowa na sayen abin da bai san kansa ba.

Cikin masu sayen har da Abdulgani, wani dattijon tela Bakano, aminin mahaifinta. Ya sayo tsohon keken surfani, irin wanda kwamfuta ke aika wa zane ta waya shi kuma ya ɗinka. Sai dai kullum allura ta fara daidai, can sai ta rikice ta cukurkuɗe zare. Masu gyara biyu sun buɗe keken, suka ce ya mutu.

Kaltoumi ko noti ɗaya ba ta kwance ba. Ta zauna tana kallon inda allurar ke ɓata, har sau huɗu.

"Baba, kekenka lafiyarsa ƙalau," in ji ta. "Kwamfutar ce ke zuba masa magana da sauri, ba ya iya kamawa."

"To ki ce mata ta sassauta mana, 'yata."

"Manhajar zanen ba ta da wurin ragewa. Sai na bi ta babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, ita ke da iko da kafar da wayar ke fita."

Kwana biyu tana rubuta umarnin. Na farko ya rage saurin har keken ya yi shiru gaba ɗaya, Abdulgani ya kau da kai. Ta sake lale, ta daidaita saurin, ta ƙara cewa kwamfutar ta riƙa dakatawa sai keken ya nemi ƙari.

Ranar Laraba da hantsi aka shimfiɗa farar shadda. Allura ta kama, ta bi wuyan riga tiryan-tiryan har ƙarshe, zare bai tsinke ba. Abdulgani ya shafa aikin da yatsa, ya ɗauki rigar ya fita layi yana nuna wa teloli ɗaya bayan ɗaya.

Kafin Sallah ta zo, keke bakwai Kaltoumi ta tayar a unguwar. Har daga garin Akanda aka riƙa aiko taksi a ɗauke ta.